Ciyawa Ta Kwanta, Tsakuwa Ta Tashi

Idan Agusta ta tsaya, ruwa ya zauna, ciyawa ba ta jiran kowa. Kafin a ankara ta rufe gefen kwalta, ta haɗiye bakin kwalbati, ta kai gwiwa a filin makaranta. A Abuja da Kaduna, da manyan unguwannin Kano da Zariya da Jos, lokacin nan ne ake wayar gari da wata ƙara da yaran shekarun 1970 ba su san ta ba. Mutum ne rataye da ƙaramin inji a kafaɗa, yana lilo da doguwar sanda dama da hagu, ciyawa tana zubewa a gabansa. Aikin da a da sai an tara leburori sun wuni a kai, yau mutum ɗaya kan gama shi kafin azahar, kuma babu mai son a koma baya. Amma wanda ya taɓa tsayawa kusa ya san ba ciyawa kaɗai ke tashi ba. Akwai wani ƙas-ƙas da ake ji a jikin ƙofar ƙarfe ko a gefen motar da aka ajiye. Tsakuwa ce.

Kafin injin nan ya iso, ciyawa a ƙasar Hausa dukiya ce. Yaro kan fita da sassafe da lauje da igiya ya yanko wa akuyar uwarsa harƙiya ko kyasuwa. Masu doki suna da mai kawo musu ɗanya kullum, 'yan ciyawa kuma suna jera dammuna a bakin kasuwa suna jiran masu kiwon rago. Da kaka ta yi sai a koma kan gamba, a saƙa zana, a baibaye jinka. Tsakar gida kuwa ba a san ta da ciyawa ba. Shara ake yi mata safe da yamma, a bar ƙasa fes, don kada maciji ko kunama su sami maɓoya. Shuka ciyawa don ado, a riƙa ba ta ruwa ana aske ta, al'ada ce da ta shigo tare da Turawa: gidajen bariki, filin folo, filin golf, filin ƙwallo. Daga baya Abuja, wadda gwamnati ta tare a cikinta a Disamban 1991, ta zo da shataletale da tsakiyar tituna da lambunan ofisoshi waɗanda dole a riƙa gyara su duk damina.

Yadda ake yanka da lauje abin lura ne. Mutum zai tsuguna, hannun hagu ya damƙi ciyawa tun daga gindi, na dama ya ja lauje. Hannu ne ke isa ƙasa kafin ƙarfe. Idan akwai dutse ko fasasshiyar kwalba, yatsu sun riga sun gaya masa, kuma zai kawar da shi, ko don kada haƙoran laujensa su dakushe ya koma wurin maƙeri. Haɗari akwai shi. Lauje kan zame ya yanki yatsa, kububuwa ko kasa kan kwanta daidai inda za a sa hannu, ga ƙaya ga ƙarangiya. Sai dai duk wannan haɗari a jikin mai yankan yake ƙarewa. Mai tallan da ta gifta taku biyu daga inda yake ba ta da abin tsoro.

Langalanga ya ɗan faɗaɗa da'irar. Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san wannan siririn ƙarfe mai lanƙwasasshen baki, wanda ake raba wa ɗalibai ranar aikin gayya ko idan an yi laifi, kuma da shi fursunoni ke gyara harabar ofisoshin gwamnati. A tsaye ake wurga shi, don haka wani lokaci yakan ɗauki tsakuwa ya cilla. Amma ƙarfin dantse yana da iyaka, kuma malamin da ke tsaye a kan yara ya san ya raba su nesa da juna saboda ƙafafu. Ido yana ganin ƙarfen, yana ganin iyakar inda zai kai.

Su ma waɗanda suka ƙirƙiro injin ba da jifa suka fara ba. A 1830 wani injiniya mai suna Edwin Budding, a kusa da garin Stroud na Ingila, ya lura da wata na'ura a masaƙar ulu wadda ke aske gashin da ya taso a saman yadi, ya ga babu abin da zai hana a yi wa ciyawa haka. Injinsa gangar wuƙaƙe ce da ke mirginawa tana gogar wata wuƙa da ke tsaye a ƙasa, su datse ciyawa a tsakaninsu. Irin wannan inji idan ya ci karo da dutse yawanci cijewa yake yi ya tsaya, ko bakin wuƙar ya lalace. Har yau irinsa ne ke aiki a filayen golf da na kurket, inda ake son aski mai laushi.

Abu ya canza ne da aka bar datsewa aka koma bugu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙananan injinan fetur suka yi arha, aka shiga ɗaura musu wuƙa a kwance tana juyawa da tsananin gudu. A Ostireliya, Mervyn Victor Richardson ya haɗa nasa a gidansa a Sydney a 1952, shi ne ya zama Victa wanda ya cika unguwannin ƙasar. Irin wannan inji bai damu da fili mai santsi ba. Doguwar ciyawa da gargada duk yana shiga, shi ya sa ya karɓu. Sannan a 1971, a birnin Houston na jihar Texas, George Ballas, wanda sana'arsa makarantar koyar da rawa ce, ya kai motarsa wurin wanki na inji, ya ga yadda zaren burushi ke miƙewa idan yana juyawa. Ya koma gida ya huhhuda gwangwani, ya zura masa igiyar kamun kifi, ya ɗaura shi a kan injin gyaran gefen lambu. Ya sa wa abin suna Weed Eater, a 1977 kuma ya sayar da kamfanin ga Emerson Electric. Jikokin wannan gwangwani ne ke kuka yau a gefen titunan Najeriya, wasu ƙirar Stihl ko Husqvarna ko Honda, da yawa kuma ƙirar Sin masu injin 43cc ko 52cc, waɗanda ake gauraya musu fetur da baƙin mai.

Igiyar roba da ke bakin injin ba ta da kaifi ko kaɗan. Kaurinta milimita 2 zuwa 3 ne, ana iya naɗe ta a yatsa. Gudu ne ke mai da ita wuƙa. A ɗauki injin da faɗin yankansa santimita 40 ne, kansa yana juyawa sau 6,000 a minti ɗaya, abin da ba ya gagarar irin waɗannan injina. Bakin igiyar zai ci mita 7,500 a minti, wato kusan kilomita 450 a awa. Injin turawa mai wuƙar ƙarfe kuwa, ƙa'idar masu ƙera shi a Amurka ta tsayar masa da iyaka a ƙafa 19,000 a minti, kusan kilomita 350 a awa, kuma ita wuƙa tana da nauyin da igiya ba ta da shi. Tsakuwar da aka buga ba za ta kwashi duk wannan gudu ba, amma ko rabinsa ta samu, za ta ƙetare mita 15 cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Sannan idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin bugu ninki huɗu yake yi. Majajjawa ce, irin wadda yara ke korar tsuntsaye da ita a gonar dawa, sai dai wannan ba ta gajiya, ba ta saiti, kuma mai riƙe da ita bai san lokacin da ta ɗauki dutse ba.

Masu ƙera injinan nan filin da aka share, aka baje, aka shuka suke hangowa. Ƙasar Arewa ba haka take ba. Daga Zariya zuwa Kaduna, zuwa Jos da Abuja, jar ƙasa ce mai marmara, cike da ƙananan tsakuwoyi masu sinadarin ƙarfe da nauyi, kuma kowane ruwan sama yana wanke ƙasar sama ya bar su a fili. Ga kuma abin da mutane ke ƙarawa: ragowar tsakuwar kankare da birkila ya bari, ɓaraguzan bulo, ƙusa, guntun waya, marfin kwalba, fasasshen gilashi. Gefen kwalta kuwa tayoyin mota kullum suna tura masa tsakuwa. Ciyawar damina sai ta zo ta rufe duka. Mai inji yana tsaye, tsakaninsa da ƙasa sanda ce da ta fi mita ɗaya tsawo, hannun da a da yake laluben ƙasa yanzu yana kan totur.

Gilashi ne ke fara ba da shaida. Masu mota da yawa suna mamakin yadda 'yar tsakuwa za ta ruguza gilashin gefe gaba ɗaya alhali na gaba tabo ko tsaga kawai yake yi. Ƙira ce ta bambanta. Gilashin gaba biyu ne aka manne da ledar roba a tsakani, don haka ko ya tsage yana nan tsaye a wurinsa. Na gefe da na baya, a yawancin motoci, gasa su aka yi aka sanyaya da sauri, fatar waje ta matse, cikin yana ja. Wannan yana ba su juriya idan abu mai faɗi ya buge su, amma da zarar mai tsini ya huda fatar sai duk gilashin ya wargaje ya koma 'yan ƙwayoyi. Ba ya gyaruwa, sai dai sabo. Haka ƙofofin gilashi na bankuna da shaguna suke, haka farantan sola da wasu ke girkewa a ƙasa cikin lambu. Gidajen ma kansu sun canza. Tagar katako da ta ƙarfe sun ba da wuri ga gilashi mai zamiya tun daga gwiwa har sama, mota tana tsakar gida, ciyawa tana gindin tayarta.

Gilashi dai ana saye. Ido ne abin kuka. Tsakuwa idan ta bugi ido takan sa jini ya taru a gabansa, ko ta jawo yana bayan watanni, ko ta ɓalle tantanin gani da ke can baya, ko ta fasa ƙwayar idon kanta. Guntun waya ko gilashi yakan shige ciki ya bar ƙaramar kafa da ba a gani, mutum ya ɗauka ƙura ce ya ci gaba da aiki. Ko ƙwarzanen da ɓurɓushin ciyawa ya yi wa baƙin ido ba abin rainawa ba ne, domin likitocin ido sun san rauni daga tsiro yana shigar da irin ƙwayar cutar nan mai funfuna, wadda ke da wuyar magani kuma takan bar farin tabo a inda gani yake. Wa ya fi kusa da wannan? Yara, domin babu abin da ke tara su kamar sabon inji mai ƙara, kuma idonsu yana daidai tsayin da tsakuwa ke bi. Sai ɗan acaɓa da ke wucewa ba tabarau, da fasinjan adaidaita sahu da babu ƙofa tsakaninsa da gefen titi.

Idan ƙaddara ta faɗa, abin da aka yi a awa ta farko yana da nauyi ƙwarai. Ba a murza idon, ba a danna shi, ba a ciro abin da ya soke. Ba a ɗiga nonon mace ko ruwan suga ko ruwan ganye, ba a sa kwalli, ba a ɗauko ragowar maganin ɗigawa da wani ya bari, domin wasu daga cikinsu ƙara wa irin wancan ciwo ƙarfi suke yi. A yanki gindin kofin roba mai tsabta a kifa a kan idon, ya zauna a kan ƙashin da ke kewaye ba a kan ƙwayar ba, a manne da filasta, a nufi asibiti a ranar. Kaduna tana da Cibiyar Ido ta Ƙasa, Kano tana da asibitin ido na ECWA da na Makka, asibitocin koyarwa kuma suna da sashen ido. Jiran a ga yadda zai kwana shi ne ke cinye ido da yawa.

Ƙasashen da suka riga kowa amfani da injinan sun koyi darasinsu da jini, suka mai da shi doka. A Amurka, duk injin turawa da aka ƙera bayan ƙarshen Yunin 1982 dole ne wuƙarsa ta tsaya cikin daƙiƙa 3 da zarar an saki mariƙin. Littafin da ke zuwa da injin ratayawa, na Stihl ne ko na Husqvarna, yana cewa kada mutum ko dabba su matso kusa da mita 15, kuma a ba mota da taga irin wannan tazara. A Birtaniya, a 2010, wani ma'aikaci ya rasa ransa bayan da ɓallin sarƙa ya fita daga kan injin da ake aiki da shi a kusa ya same shi a ka. A Janairun 2012 Tarayyar Turai ta hana sayar da irin wannan kai mai sarƙa ko ɓalle-ɓallen ƙarfe na injin da ake riƙewa a hannu.

Injin ya ƙetaro teku ya iso Apapa, ya hau tirela ya zo Arewa, amma wannan ilimi bai biyo shi ba. Littafin da Turanci ko Sinanci yake, tare da kwali ake jefar da shi. Wanda zai yi aikin sau da yawa saurayi ne da ya baro ƙauye, gwanin lauje da fartanya tun yana ƙarami, aka nuna masa yadda ake jan igiyar tayarwa da yadda ake gauraya mai, shi ke nan karatun ya ƙare. Ba sakaci ne halinsa ba. Duk hattarar da ya gada ta kare kai ce, domin a aikin da ya sani babu wanda ke cutuwa sai shi. Ba a taɓa gaya masa cewa yanzu yaron da ke tsallaken titi ma yana cikin aikinsa ba.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne garkuwa, wato marfin robar nan da ke bayan kan injin. A duba injinan da ke aiki a gefen hanya, za a ga nawa ne suka rage da ita. Masu aikin suna da dalilansu: tana hana su ganin inda suke yanka, ciyawa tana cushewa a cikinta, idan babu ita igiya takan yi tsawo ta ci fili da yawa. Ita garkuwar tana da 'yar wuƙa a gefe wadda ke datse igiya idan ta wuce ƙima. Da zarar an cire ta, igiya ta zarce, inji ya shiga nishi, kuloci ya yi zafi, tsakuwa kuma ta sami hanya zuwa ƙwauri da fuskar mai aikin. Wasu kuma, saboda igiya tana saurin cinyewa kuma kuɗi ce, sai su maye gurbinta da waya ko kebur ɗin birkin babur. Roba idan ta tsinke ba ta da nauyin da za ta yi nisa. Waya idan ta gaji da lanƙwasa ta karye, guntunta allura ce mai tashi. Irin abin da Turai ta haramta bayan mutuwar mutum, shi ake haɗawa a gindin bishiya don a tsimi kuɗin igiya.

Rigakafin ba ya buƙatar wani babban jari. Mafi girmansa shi ne a mayar wa ƙafa da ido aikin da yatsu suke yi a zamanin lauje: a zagaya filin kafin a tayar da inji, a tsince dutse da kwalba da waya. Gadinan da ya san aikinsa ba ya ma jiran ciyawa ta fito. A watan Afrilu ko Mayu, lokacin da ƙasa take tsirara, yake bi da manjagara da baro ya kwashe tsakuwa, domin abin da ake gani ƙuru-ƙuru a bazara shi ne ke ɓoye a Agusta. Idan ciyawar ta riga ta yi tsawo, sai a yi yanka biyu: a fara sare ta daga sama, a kwashe, a duba ƙasa, sannan a sauko.

Tsayin yanka shi ne inda maigida ke shigowa, kuma a nan laifinsa ya fi na gadina. Mutane da yawa suna cewa a aske musu har ƙasa don ta daɗe ba ta fito ba, wanda ya bar ɗan tsayi kuma a ce ya yi ha'inci. To, igiya ba ta ɗaukar dutse sai ta taɓa ƙasa. Idan aka bar santimita 5 zuwa 8, tsakuwa tana kwance a ƙarƙashi, igiya tana wucewa ta sama. Aski har ƙasa kuma yana raunana ciyawar, ya bar fili ruwa ya zaizaye, baɗi tsakuwar ta fi ta bana yawa. Maigidan da ya ce, "Malam, bar mata ɗan tsayi, kuma jira in fitar da mota," ya yi rabin aikin kariya da bakinsa.

Sai sanin inda injin ke jifa. Yawancin masu miƙaƙƙiyar sanda, idan aka dube su daga sama, kansu yana juyawa ne saɓanin hannun agogo, don haka abin da gaban igiyar ya buga hagu yake nufa. Masu lanƙwasasshiyar sanda akasin haka suke yi. Wanda ya san wannan zai zaɓi inda zai faro da inda zai dosa, ta yadda jifan zai faɗa cikin fili ko jikin katanga, ba kan titi ko taga ba. Kusa da gilashi yana sassauta totur, domin rage gudu da rabi yana mai da ƙarfin bugu kashi ɗaya cikin huɗu. Wuƙar ƙarfe da ake sa wa injin ratayawa a madadin igiya ta daji ce mai kauri, nesa da mutane, kuma da rani tana da nata sharrin: idan ta gogi dutse takan ba da tartsatsi, busasshiyar ciyawa da iskar hunturu kuwa ba sa buƙatar fiye da haka. Injin turawa shi ma yana da marfi a bakin da yake fitar da ciyawa, kuma bai kamata a ɗaure shi sama da waya ba, ko a tsallaka hanyar tsakuwa wuƙa tana juyawa.

A gefen titi, inda ba za a iya tsayar da motoci ba, akwai dabarar da ake gani a Japan da Brazil. Mutum na biyu yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da mai yanka, riƙe da raga ko tamfol da aka ɗaura a firam, tsakanin inji da hanya. Kowane mai walda zai iya haɗa irinsa da bututu da ragar sauro ta ƙarfe. Abin da yake ci shi ne ladan mutum ɗaya, kuma shi ma mai riƙon yana buƙatar tabarau. Lokaci ma kariya ne. Makaranta tana da Asabar da hutu, ofis yana da sassafe kafin a cika wurin ajiye motoci, jihohin da ke tsaftar muhalli a Asabar ɗin ƙarshen wata kuma suna da safiyar da tituna suke wayam. Babu dalilin da zai sa a tayar da inji a filin firamare ana tsakiyar tara.

Masu gini da masu tsara lambu suna iya kashe matsalar tun daga tushe. Idan aka zuba siminti ko aka jera intalok kamar taku ɗaya a gindin bango da ƙarƙashin taga, inji ba shi da abin nema a wurin. Tsakuwar ado da ake zubawa gab da ciyawa ba tare da dakali a tsakani ba, kullum sai ta gangaro. Gindin ƙananan bishiyoyi ma gara a bar wa hannu, domin igiya tana kware ɓawon mangwaro ko darbejiya zagaye, itacen ya bushe a tsaye ba a san dalili ba.

Shi kansa mai aikin, tabarau ne farkon haƙƙinsa, kuma ba baƙin gilashin rana na bakin kasuwa ba, wanda zai iya fashewa ya ƙara rauni. Na kariya da roba mai tauri ake yin sa, yana rufe gefe, kuma ana samun tambarin Z87 ko EN 166 a jikinsa. Ragar fuska tana tare manyan abubuwa, amma guntun waya yana bi ta ramukanta, shi ya sa masu ƙera injin ke cewa a haɗa biyun. Dogon wando mai kauri da takalmi rufaffe su ne sauran. Masu aikin suna kukan zafi da gumi da ke dushe gilashin, kuma kukansu gaskiya ne. Maganinsa irin mai ƙofofin iska, da hutu, da aiki da sanyin safiya. Silifas da gajeren wando a gaban igiyar da ke gudun kilomita 450 a awa ba ƙwazo ba ne, talauci ne da rashin mai tsaya masa.

Idan gilashi ya fashe, abin da aka saba gani shi ne a tsare lebura, a riƙe ladansa, wani lokaci a riƙe injin da shi ma haya ya ɗauko. Haƙƙin mai mota gaskiya ne. Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da bayyana cewa wanda ya lalata dukiyar wani, da gangan ko bisa kuskure, biya ya tabbata. Sun kuma sa diyyar ido ɗaya rabin diyyar rai, idan kuwa mai ido ɗaya ne aka tsiyaye masa wanda ya rage, diyya cikakkiya. Wannan ya isa ya nuna girman abin da ake wasa da shi a gefen hanya. Amma adalci bai yarda a ɗora duka a kan wanda ya fi kowa rauni ba. Wanda ya sayi injin bai sayi tabarau ba, wanda ya ba da kwangila bai ware kuɗin mai riƙon raga ba, wanda ya ce a gama yau ko ta halin ƙaƙa, duk da hannunsu a ciki. Najeriya tana da Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta ɗora wa masu ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF don irin wannan rana. Leburan da aka ɗauka da baki a bakin ƙofa ba kasafai sunansa ke shiga wannan rajista ba. Ma'aikatu da jami'o'i da hukumomin raya birane da ke ba da kwangilar share ciyawa suna iya rubutawa a takardar cewa babu biya sai an ga garkuwa a kan inji, tabarau a fuska, raga a gefen titi, kuma a tura mai dubawa ya gani da idonsa.

Mai saye ɗaya ma yana da nasa iko tun a shago. Injin yana zuwa ne a wargaje cikin kwali, sanda daban, kai daban, garkuwa a leda tare da 'yan notinta. Yaron shago da ke haɗawa yakan bar ta a kwalin idan ba a yi magana ba, domin tana ƙara masa aiki. A sa ya ɗaura ta kafin a biya kuɗi, a tambayi tabarau mai tambari da ƙarin naɗin igiya don kada wata rana a nemi waya, sannan a sa shi ya tayar da injin a gaban wanda zai riƙa aiki da shi, ya nuna masa ɓangaren da yake jifa.